Sharhi: Kafin a Miƙa Usur ga Sabon Kocin Sakandarenmu

Tun da malamin wasanni na makarantar sakandaren gwamnati ta garin nan ya yi ritaya a ƙarshen zangon karatun da ya gabata, babu zancen da ya fi yawo a majalisun gari kamar na wanda zai gaje shi wajen horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta makarantar. Ana yin sa a teburin mai shayi da gidan kallon ƙwallo, har ya shigo ofishin malamai a makarantunmu na firamare. Mutum uku ake ambata. Akwai wani tsohon ɗan wasa da ya taɓa buga wa wata ƙungiyar jiha, wanda wani babban mutum ya tsaya masa, ya kuma yi alkawarin kawo riguna da ƙwallaye tare da biyan alawus ɗinsa daga aljihunsa muddin aka ɗauke shi. Akwai malamin makarantar da ya karanta ilimin motsa jiki da lafiya, wanda ya daɗe yana taya wanda ya yi ritaya ba tare da an ƙara masa ko kwabo ba. Na ukun wani matashi ne mai ƙungiyar unguwa da yara ke so. An ce shugaban makarantar da ƙungiyar iyaye da malamai da wakilan tsofaffin ɗalibai za su zauna su yanke shawara kafin a koma hutu.

Wani zai iya tambaya, me ya haɗa reshen ƙungiyar malamai da zancen koci, alhali ga matsalar ƙarin girma da kuɗin hutu da ba a warware ba? Amsarmu ita ce, yaran da za a damƙa wa wannan mutum namu ne. Mu muka karɓe su suna 'yan shekara shida, muka koya musu riƙe fensir, muka rubuta sunayensu da ranakun haihuwarsu a rajista, sannan muka miƙa su sakandare bayan aji shida. Haka kuma duk wanda zai tsaya gaban ɗalibai da sunan makaranta, ko alli ke hannunsa ko usur, aikin malami yake yi, kuma yadda ake ɗaukar malami aiki abu ne da ya shafi ƙungiyarmu kai tsaye.

Ya kamata a fara da fahimtar nauyin da ke cikin kujerar. Malamin lissafi yana ganin ɗalibi na minti arba'in a aji, ga sauran malamai na kai da komo a baranda, ga shugaban makaranta a ofishinsa. Shi kuwa koci yana tare da yara daga bayan la'asar har zuwa dab da magariba, kusan kullum, a lokacin da makaranta ta watse babu kowa. Shi ke tafiya da su wasu garuruwa a mota, wani lokaci har a kwana a can. Shi ke cewa wane zai shiga fili, wane zai zauna a benci, kuma ga yaro ɗan shekara goma sha biyar wannan hukunci ya fi masa sakamakon jarrabawa zafi. Duk malamin da ya taɓa koyar da samari ya san cewa yaron da ke gardama da mahaifinsa a gida, ya yi wa malamin aji kunnen ƙashi, da kocinsa ya ɗaga murya sai ya nutsu. Idan kocin mai salla a kan lokaci ne, za ka ga yara sun ajiye ƙwallo sun nufi famfo. Idan kuma mai ashar ne, ko mai shaye-shaye, ba za a yi zango guda ba sai an ji ashar ɗin a bakin 'yan aji ɗaya. Mutumin da ke da irin wannan tasiri a kan 'ya'yan mutane bai dace a ɗauke shi a zaure ba, don kawai wanda ya kawo shi ba a iya ce masa a'a.

Mun san abin da ke ran masu goyon bayan tsohon ɗan wasan, kuma ba ma raina shi. Makarantar ta daɗe ba ta ɗauko kofi ba. Duk shekara sai a fitar da ita a zagayen farko na gasar makarantun shiyya, yara su dawo kansu a sunkuye, makwabtan garuruwa su yi ta tsokana a kasuwa. Gari ƙarami ba shi da abubuwan alfahari da yawa, ƙwallo na ɗaya daga cikinsu. Kuma gaskiya ne wanda ya buga wasa a babbar ƙungiya ya san abubuwan da littafi ba ya koyarwa. Mu ma dole mu amsa laifinmu a nan: akwai malaman wasanni a cikinmu da ba a ganinsu a fili sai makon gasar gidaje, su shirya fareti da tseren buhu, su koma inuwa sai baɗi. Idan iyaye suka yanke ƙauna daga irin waɗannan, ba za mu ce sun yi zalunci ba.

Sai dai abin da muke tsoro shi ne sharaɗin da ake shirin ɗaukar sabon kocin a kansa. Wanda aka kawo don ya ciyo kofi, aka kuma nuna masa cewa zamansa a kujerar ya dogara da kofin, zai nemi hanya mafi kusa. Hanyar kuwa sananniya ce a duk gasar makarantu: sojojin haya. A ɗauko ƙattin samari daga ƙungiyoyin unguwa, waɗanda wasunsu sun gama sakandare da jimawa, wasu ma ba su taɓa shiga aji ba, a ɗinka musu yunifom, a ɗauke su hoto, a manna a katin shaidar ɗalibi. Ɗaliban gaskiya, waɗanda suka yi wata da watanni suna atisaye, su koma ɗaukar ruwa da tafi. Wannan al'ada ta kashe gasar makarantu a wurare da dama, domin da zarar makaranta ɗaya ta fara, sauran sai su ce idan ba su bi ba za a yi ta cin su.

Abin da ya sa wannan ya dame mu ƙwarai shi ne, koci ba ya iya yin wannan aika-aika shi kaɗai. Katin shaida yana buƙatar sa hannun shugaban makaranta. Sunan yaro yana buƙatar shiga rajistar wani malamin aji. Idan aka zo rage shekaru, mu ake zuwa wa a firamare, a ce a taimaka a sake rubuta takardar shaidar kammala aji shida da wata ranar haihuwa daban. Da yawa daga cikin membobinmu sun taɓa samun irin wannan roƙo, kuma sau da yawa daga bakin mutanen da ake jin nauyinsu yake fitowa. Ranar da asiri ya tonu, kocin da ba ma'aikacin gwamnati ba ne zai kaɗe rigarsa ya koma ƙungiyarsa ta unguwa, babban mutumin da ya kawo shi zai ce bai san zancen ba, malamin da ya sa hannu shi zai amsa takardar tuhuma. Muna jan kunnen kowane memba tun yanzu: kada ya sauya ko harafi ɗaya a rajista saboda ƙwallo, ko wane ne ya aiko.

Ƙasar nan ta riga ta ga inda wannan hanya take kaiwa. Najeriya ta ci kofin duniya na matasa sau biyar, fiye da kowace ƙasa: a Sin a 1985, a Japan a 1993, a Koriya ta Kudu a 2007, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2013 ƙarƙashin koci Manu Garba, sai a Chile a 2015. Abin alfahari ne. Amma zargin rage shekaru ya daɗe yana bin gasar matasa, har hukumar FIFA ta fara amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekarun 'yan wasa a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a nan Najeriya a 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a Kano da Kaduna da Bauchi. A 2016, lokacin da muke riƙe da kofin duniya, 'yan wasa fiye da ashirin suka faɗi wannan gwaji ana dab da wasan share fage da Jamhuriyar Nijar, Nijar kuwa ta fitar da mu. Waɗancan samari ba a sansanin ƙasa suka koyi rage shekaru ba. A ƙananan filaye irin namu aka fara nuna musu cewa ranar haihuwa abu ne da ake gyarawa idan gasa ta taso, kuma manya ne suka nuna musu.

Magana ta biyu ita ce ta lafiyar yara da rayukansu. Filin makarantar ƙasa ce mai tauri da tsakuwa, yawancin yara kuma da takalmin roba suke wasa, wasu ma ba takalmi. A watannin bazara rana ba ta yin sanyi sai bayan ƙarfe biyar. Akwai yaran da ke zuwa atisaye ba su ci komai ba tun kokon safe, akwai masu ciwon sikila da masu asma da iyayensu ba su faɗa wa kowa ba, ga kuma watan azumi da ke buƙatar a sauya lokaci a rage wahala. Wanda ya karanta ilimin motsa jiki da lafiya a kwalejin ilimi an koya masa yadda jikin yaro ya bambanta da na babba, da abin da ake yi idan an samu karaya ko targaɗe, da yadda ake taimakon wanda numfashinsa ya ɗauke kafin a kai shi asibiti. Tsohon ɗan wasa da bai samu wannan horo ba yakan maimaita wa yara abin da aka yi masa yana ɗan shekara ashirin da biyar, ya ɗauki suma a matsayin ragwanci. Kada a ce muna tsoratarwa. Samuel Okwaraji ya faɗi ya rasu a babban filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana tsakiyar wasa da Angola. Chineme Martins na ƙungiyar Nasarawa United ya faɗi a fili a Lafiya a watan Maris na 2020, bai tashi ba. Waɗannan ƙwararru ne a manyan filaye. A filinmu babu likita babu motar asibiti, duk abin da yaro zai samu a mintunan farko shi ne abin da kocin ya sani.

Magana ta uku ta shafi mafarkin da ake sayar wa yara da iyayensu. Babu yaron da ke buga ƙwallo a garin nan da bai san Ahmed Musa ba, ko bai ji labarin Tijjani Babangida da Garba Lawal ba. Madalla da su, sun ɗaga sunan Arewa. Amma ƙungiyoyi ashirin ne kacal a babbar gasar ƙwallon Najeriya, makarantun sakandare kuwa dubbai ne, kowace da gwanayenta. Mafi yawan yaran da ke ƙungiyar makarantarmu takardar WAEC ko NECO ce za ta yi musu rana, ita za ta kai su kwalejin ilimi ko makarantar koyon aikin jinya ko aikin ɗamara. Kocin da ya san haka zai tambayi malamin aji ko yaro yana zuwa darasi kafin ya saka shi a wasa. Wanda bai damu ba zai riƙa fitar da yara daga aji da hantsi don atisaye na musamman, ya ce musu turanci da lissafi ba su ke kai mutum Turai ba.

A nan ne kuma dillalai ke shigowa. Ba yau aka fara jin iyayen da suka sayar da gona ko shanu suka ba wani da ya ce zai kai ɗansu gwaji ƙasar waje, daga baya kuɗin da mutumin suka ɓace, ko aka yar da yaron a wata ƙasa babu kuɗin mota. Ya kamata iyaye su sani cewa dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa, in ban da wasu 'yan sharuɗɗa ƙalilan. Ahmed Musa kansa, bayan ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasa da Kano Pillars a 2010, sai da ya jira ya cika shekara 18 a watan Oktoban shekarar kafin ya fara buga wa ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Dillali ba ya samun yaro sai ta hannun koci. Don haka dole a san wane ne kocin, a kuma rubuta masa ƙarara cewa ba shi da ikon haɗa ɗalibi da kowa ba da sanin makaranta da iyaye ba.

Sai batun da ya fi kusa da aikinmu na ƙungiya, wato yadda za a ɗauki mutumin da wanda zai biya shi. Manufar ilimi ta ƙasa ta ajiye takardar NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar da ake shiga aikin koyarwa da ita, hukumar TRCN da aka kafa da dokar 1993 kuma ita ke yi wa malamai rajista. An yi waɗannan ne don a san cewa wanda ke gaban yara yana da horo, yana kuma da hukumar da za ta tuhume shi idan ya kauce. Kocin da wani mutum ke biya daga aljihunsa ba ya ƙarƙashin shugaban makaranta sai a baki. Ranar da shugaban ya ce a dakatar da atisaye saboda jarrabawa, kocin ya san lambar wayar da zai kira. Ranar da ɗan maigidan nasa ko ɗan abokinsa ke son shiga ƙungiya, babu zancen cancanta. Idan kuma zaɓe ya wuce, ko kasuwa ta juya, alawus ya tsaya, sai a dawo kan ƙungiyar iyaye da malamai a ce a ƙara kuɗin wasanni a kan kowane ɗalibi, har da marayun da ko littafin rubutu da ƙyar suke saya. Mun ga irin wannan a ɗaukar malaman wucin gadi, kuma mun san yadda take ƙarewa. Shi kansa tsohon ɗan wasan ba gata aka yi masa ba, domin aikin da babu takarda ana iya korar mutum daga shi da saƙon waya bayan an sha kashi sau biyu.

Akwai kuma haƙƙin abokin aikinmu da ya yi shekaru yana wannan hidima kyauta. Ba mu ce a ba shi kujerar don yana ɗan ƙungiya ba. Idan aka gwada shi aka ga bai iya ba, mu ne za mu fara faɗa masa. Amma a tsallake shi ba tare da an ko saurare shi ba, saƙo ne ga duk malamin da ke tsayawa bayan tashi don kulob ɗin muhawara ko wasan kwaikwayo ko gonar makaranta, cewa ranar da abin ya zama mai maiƙo wani za a kawo daga waje.

Saboda haka wannan reshe yana kira ga shugaban makarantar da ofishin ilimi na shiyya da su bi waɗannan matakai. Da farko, a bayyana gurbin a fili, a manna sanarwa a makaranta, a faɗi abin da ake nema da wa'adin neman, ta yadda duk mai sha'awa zai nema a rubuce. Na biyu, a kafa kwamitin tantancewa da ya ƙunshi shugaban makaranta da wakilin iyaye da wakilin malamai da jami'in wasanni na shiyya da ma'aikacin lafiya, kuma duk wanda ke da dangantaka da ɗaya daga cikin masu nema ko ya yi alkawarin ba da kuɗi ya janye daga zaman. Na uku, a gwada kowane mai nema a fili tare da yara, a kuma tambaye shi abin da zai yi idan yaro ya faɗi ya daina numfashi, da abin da zai ce idan aka kawo masa ɗan wasan da ba ɗalibi ba ana gobe wasan ƙarshe. Na huɗu, a bincika halinsa a wurin waɗanda ya yi aiki da su a baya da iyayen yaran da ya horar.

Matsayinmu a kan wanda ya dace shi ne, jagorancin ƙungiyar ya kasance a hannun malami mai rajista, ma'aikacin makarantar, wanda ke amsa wa shugabanta. Tsohon ɗan wasan da matashin mai ƙungiyar unguwa, idan binciken halinsu ya yi kyau, a jawo su a matsayin mataimaka da yarjejeniya a rubuce, yara su amfana da gwanintarsu a gaban idon malami. Babban mutumin da ke son taimakawa, muna yi masa godiya, muna kuma roƙonsa ya zuba taimakonsa a asusun makaranta inda za a ba shi rasit. Idan yana son abin da zai daɗe ana tunawa da shi, ya ɗauki nauyin tura malamin kwas ɗin horar da 'yan wasa a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, ko kwasa-kwasan lasisi da hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ke shiryawa, ya sayi akwatin taimakon gaggawa, ya sa a share tsakuwar fili. Sannan a rubuta a takardar kama aikin kocin cewa a ƙarshen shekara za a duba zuwan 'yan wasansa aji da sakamakon jarrabawarsu tare da sakamakon wasanninsu, kuma shigar da wanda ba ɗalibi ba cikin ƙungiya laifi ne na sallama nan take.

Mu ma a firamare akwai gyaran da ke kanmu. Darasin motsa jiki yana nan a jadawalinmu, amma a makarantu da yawa ya zama lokacin shara ko na cike gurbin malamin da bai zo ba. 'Yan mata kusan ba a tuna su a zancen wasanni, alhali guje-guje da ƙwallon hannu da ƙwallon raga duk ana iya shirya musu ta hanyar da iyaye za su aminta. Filayen wasu makarantunmu kuma shaguna da gine-gine na ta cin su daga gefe muna kallo. Idan muna son sakandare ta samu 'yan wasa na gaskiya masu shekarun gaskiya, daga hannunmu za su fito. Muna roƙon shugabannin makarantu su dawo da wannan darasi kan ƙa'idarsa daga zango mai zuwa, wakilan ƙungiya a kowace makaranta kuma su kawo wa sakatariyar reshe rahoton halin da filinsu ke ciki a taron wata mai kamawa.

Shugabannin reshe za su kai wa shugaban makarantar da ofishin shiyya wannan matsayi a rubuce kafin zaman da za a yi. Membobinmu da ke da 'ya'ya a makarantar su halarci taron iyaye da malamai, su yi magana da ladabi, kada su yi shiru. Mu ma muna son ganin ranar da motar makaranta za ta shigo gari da kofi yara na waƙa, muna dai so idan muka duba fuskokin da ke cikin motar mu gane su, mu tuna ajin da kowannensu ya zauna a gabanmu. Allah ya yi wa masu yanke shawara jagora, ya tsare mana 'ya'yanmu a fili da aji, amin.